Kasuwar Libiya: wace makarantar kimiyya za a kai yaro bayan yaƙi?

Ranar 29 ga Maris 2025 rundunar sojin Sudan ta sanar da ƙwace Kasuwar Libiya da ke yammacin Omdurman daga hannun dakarun RSF, waɗanda suka daɗe da mayar da ita sansani a yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Ranar 20 ga Mayu kuma sojojin suka ce babu sauran RSF a jihar Khartum baki ɗaya. Tun daga nan jama'a ke ta komowa, wasu daga Gadarif da Kassala, wasu daga Masar, ana share rumfuna, ana gyara ƙofofin da aka ɓalle. Cikin masu komowar akwai Hausawa: 'yan tireda, masu agashe, direbobin raksha, 'yan dako.

Rumfa dai idan an samu jari za ta tashi. Abin da ya fi wuyar gyara shi ne karatun yara. A watan Oktoban 2023 asusun UNICEF da ƙungiyar Save the Children sun ce yara miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a Sudan, kuma an rufe makarantu kimanin 10,400 a yankunan da ake faɗa. A 2024 adadin yaran yana nan wajen miliyan 17. Yaron da yake ƙarshen firamare lokacin da aka fara harbi ya kai shekarun sakandare a gudun hijira, ya yi tsawo, muryarsa ta buɗe, amma lissafinsa yana inda ya bar shi. Uban da yake burin ɗansa ko 'yarsa ta zama likita ko injiniya yanzu yana tambaya: ina zan kai shi?

Mai karatu a Kano zai ɗauka amsar sunan makaranta ce, domin ya saba da Dawakin Tofa da Dawakin Kudu, kwalejojin kimiyya da gwamnatin jihar ta kafa a 1977. Na Kodebuwa zai tuna da lisen kimiyya ta Yamoussoukro. A Nijar da Cadi da Kamaru kuwa zancen série C da série D ne. Tsarin Sudan daban yake. Bayan faɗuwar gwamnatin Umar al-Bashir a 2019 aka fara aiwatar da komawa tsarin shekara shida na firamare, uku na mutawassiɗa, uku na sakandare, maimakon takwas da uku. A shekara biyun farko na sakandare kowa yana karanta komai. Sai a shekara ta uku ake rabuwa gida biyu: ilmi, wato ɓangaren kimiyya, da adabi. Don haka in Bahaushen Omdurman ya ce makarantar kimiyya, yana nufin makarantar da ajinta na ilmi yake da ƙarfi.

Darasi bakwai ake lissafawa a Shahadar Sudan, jarrabawar da ke buɗe ƙofar jami'a. Huɗu dole ne ga kowa: Larabci, Turanci, addini da lissafi, sai dai lissafin 'yan ilmi ya fi na 'yan adabi zurfi. Ɗan ilmi yana ƙara fiziks da kemistiri, sannan ya zaɓi ɗaya cikin bayoloji, kimiyyar injiniyanci ko kwamfuta. Wannan zaɓi na ƙarshe yana da nauyi fiye da yadda iyaye da yawa suka sani: wanda ya bar bayoloji ya rufe wa kansa ƙofar likitanci da haɗa magunguna. Kuma gasar ba ta wasa ba ce. Kwalejin likitanci ta Jami'ar Khartum, wadda ta faro a 1924, ta saba ɗaukar waɗanda suka haura kashi 90 cikin 100 ne a gurbin gwamnati. Wanda bai kai ba, sai gurbin biya ko jami'a mai zaman kanta, kuma kuɗin nan ba na mai rumfa ɗaya ba ne.

Kafin yaƙi hanyar a bayyane take. Akwai makarantun gwamnati da ake kira namuzajiyya, masu ɗaukar yaran da suka fi maki, irin su Bashir Muhammad Sa'id a Omdurman da Shaikh Mustafa al-Amin a Khartum, waɗanda sunayensu suka saba fitowa a jerin zakarun Shahada. Su ne suka gaji martabar Wadi Sayyidna da Hantub da Khor Taggat, makarantun kwana da suka yaye manyan Sudan na farko. Talaka mai yaro haziƙi ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, maki yake buƙata.

Yau suna kaɗai ba ya isa hujja, kuma a nan ne ya kamata iyaye su tsaya su yi tunani. Abin da ya ɗaukaka waɗancan makarantu malamai ne, malaman kuwa yaƙi ya warwatsa su. Tun kafin yaƙin ma suna yajin aiki a ƙarshen 2022 da farkon 2023 kan albashi. Da aka fara faɗa, da yawansu sun yi watanni ba su ga albashi ba. Wasu sun tafi Masar da ƙasashen Larabawa, wasu sun koma jihohinsu, wasu sun kama sana'a. Malamin tarihi ana iya samun madadinsa a unguwa. Malamin fiziks da na lissafin ilmi kuwa tun asali 'yan kaɗan ne, kuma su ne makarantun kuɗi da masu darasin gida ke rububi. Makarantar da aka yi wa sabon fenti, aka rubuta mata "namuzajiyya" a allo, tana iya kasancewa malamin kemistirinta yana zagaya makarantu huɗu ne a mako. Uba ya shiga ya tambaya: wa ke koyar da fiziks, kwana nawa yake zuwa, ɗalibai nawa aka kai jarrabawar da ta wuce, nawa suka ci? Shugaban makaranta mai gaskiya ba zai ji haushin tambayar ba.

Ɗakin gwaje-gwaje fa? A gaskiya ko a lokacin zaman lafiya makin Shahada daga takardar rubutu yake fitowa, saɓanin WAEC da NECO a Najeriya inda ake gwajin aiki da hannu. Wannan rauni ne ga ilimin kimiyya, amma a halin da ake ciki ya zama sauƙi: makarantar da aka wawashe kayan gwajinta tana iya fitar da ɗalibi mai maki idan tana da malami da littafi da allo. Kada kwalaben da aka jera a kanta su ruɗi mai biyan kuɗi.

Sai nisa. Daga Umbadda, inda kasuwar take, zuwa Khartum sai an haye kogi, gadar Shambat da ke haɗa Omdurman da Bahri kuma ta karye tun Nuwamban 2023. Kuɗin mota na bin farashin mai, mai na bin dala, dalar da take wajen fam 600 kafin yaƙi ta haura fam 3,000 a kasuwar bayan fage a 2025. Yaron da zai kashe awa uku a hanya kullum, ya dawo gidan da babu wuta, makaranta matsakaiciya da zai taka da ƙafa ta fi masa mashahuriya mai nisa. Ga 'ya mace lamarin ya fi tsanani, domin nisa shi ne dalilin farko da ake kawowa in za a zaunar da ita a gida. Abin takaici ne, a garin da Jami'ar Mata ta Ahfad take, kuma a ƙasar da 'yan mata suka saba mamaye sahun gaba a sakamakon Shahada.

Akwai kuma matsalar da ta fi shafar Hausawa fiye da maƙwabtansu, wato takarda. Tun kafin yaƙi rajistar Shahada tana neman lambar ɗan ƙasa, rakam watani. Tarihin wannan takarda da Hausawa ba mai daɗi ba ne. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna kakanninsa suna Sudan tun 31 ga Disamban 1897, alhali babban ayarin da ya biyo hijirar Sarkin Musulmi Attahiru ya taso ne bayan yaƙin Burmi na 1903, shi ne ya kafa garin Mai Wurno. An sassauta dokar daga baya, amma ɗabi'ar tuhumar duk wanda aka kira Fallata ba ta bi ta ba, kuma rikicin 2022 a jihar Nilul Azraƙ, inda aka kashe ɗaruruwan mutane kan batun ƙasa da sarautar Hausawa, ya nuna tsohon miki bai warke ba. Yanzu an ƙara da gidajen da aka wawashe da takardun haihuwa da suka ɓace. Duk wanda yaronsa zai shiga sakandare, ya fara bin lambar tun shekarar farko, ya nemo shaidun dangi tun suna kusa. Wanda ya bari sai an buɗe rajista a aji uku yana iya rasa shekara guda a kan layin ofis.

To me zai hana a tura yaron gida, Kano ko Maraɗi, wajen dangi? Tunanin yana zuwa wa mutane da yawa, musamman da suka ga an kwashe ɗaliban Najeriya sama da 2,000 a 2023, ciki har da na Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Khartum. Amma waɗancan komawa gida suka yi. Yaron Umbadda da Larabci ya koyi lissafi, domin sakandaren Sudan ta koma Larabci tun shekarun 1960. Jarrabawar shiga kwalejojin kimiyya na Kano da Turanci ake yin ta, haka WAEC da JAMB. A Nijar bak ɗin série C da D da Faransanci ne. Hausar da zai yi hira da ita a gidan kawunsa ba za ta amsa masa tambayar kemistiri ba. Yaro ɗan shekara goma yana iya sauya harshe ya kamo. Ɗan shekara goma sha biyar da ya riga ya rasa shekara biyu, in aka ɗora masa sabon harshe, yawanci ɓangaren kimiyyar ne zai fara zubarwa.

Ƙasashen da ke karatu da Larabci ma ba su zama mafita mai sauƙi ba. A watan Yunin 2024 hukumomin Masar sun rufe makarantun 'yan Sudan da dama a yankin Alƙahira saboda rashin lasisi. Cadi kuma, inda Larabci harshen hukuma ne, ta hana a gudanar da Shahadar Sudan a ƙasarta a Disamban 2024, dubban ɗalibai 'yan gudun hijira suka zauna suna kallo. A ganina, yaron da ya kai mutawassiɗa da Larabci ya ƙarasa a tsarin Sudan, ko da zai maimaita aji. Maimaita ajin farko na sakandare don a gyara lissafi ya fi a tura shi ilmi da gurguwar ƙafa, ya fito da kashi 55, makin da ba ya kai shi likitanci, ba ya kai shi injiniyanci.

Kada kuma a raina sakandaren fasaha, mai koyar da lantarki da kanikanci da gini. Hare-haren jirage marasa matuƙa a kan tashoshin wuta a Mayun 2025 sun jefa Omdurman cikin duhu, famfuna suka tsaya, kwalara ta biyo baya. Garin da ke wannan hali zai daɗe yana neman mai haɗa sola da mai gyaran famfo. Sai dai shahadar fasaha ba ta buɗe ƙofofin jami'a kamar ta ilmi, kuma ya kamata a faɗa wa yaro haka tun kafin ya shiga.

Babban abokin hamayyar ajin ilmi a Kasuwar Libiya shi ne rumfar kanta. Uban da ya dawo ba jari yana buƙatar hannu, yaron da ya yi shekara biyu yana talla a Gadarif kuma ya ɗanɗana kuɗin kansa. Aji uku na ilmi ba ya haɗuwa da tsaron shago daga azahar zuwa magariba. Gidan da ya yanke shawarar kai yaro kimiyya ya yanke shawarar rasa hannunsa na shekara guda aƙalla, kuma gara a zauna da iyaye mata da yayye a amince da hakan tun farko, a san wanda zai tsaya a madadinsa.

Jarrabawar 'yan ajin 2023 sai ranar 28 ga Disamban 2024 aka fara ta, da ɗalibai sama da 340,000 da suka yi rajista; ta 'yan 2024 kuma a ƙarshen Yunin 2025. Duka biyun a yankunan da ke hannun soja da wasu cibiyoyi na ƙasashen waje aka yi su. Yaran Nyala da Junaina da sauran garuruwan Darfur da ke hannun RSF ba su samu zama a garuruwansu ba, sai wanda ya yi kasadar tafiya mai nisa. Yaron da ke Umbadda a yau yana cikin yankin da ake buɗe cibiyar jarrabawa, kuma iyalan da ke da dangi a yammacin ƙasar su sa wannan a lissafi kafin a yanke wane yaro zai zauna a wane gida.