Obin Ba Kayan Jere Ba Ne

A sababbin gidajen Kano da Abuja, obin da ake girkawa cikin kabad ɗin kicin ya koma kayan jere. Kafinta ake fara kira, mai wayarin sai daga baya, in ma an tuna da shi. Kafinta kuwa santimita 60 na faɗin ramin kawai ya sani. Obin na lantarki yakan ja wat 2,500 zuwa 3,500. Ƙaramin janareta ba ya ɗaukarsa, siririyar wayar soket kuma tana iya narkewa a bayan katako, inda ido ba ya kaiwa. Layinsa daban yake bukata, da birekarsa, da kafar shan iska. Wanda yake ƙyashin biyan wannan, ya haƙura ya sayi na gas mai ƙafafu.