Kyautar Sola: Banza Ba Ta Kai Zomo Kasuwa

'Yan'uwa ɗalibai, da ku yayyenmu da kuka riga mu kama aikin gwamnati, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mana tuwo a ƙwarya, mun kuwa ga ya wajaba mu baje ta a faifai a wannan fitowa ta mujallarmu. Duk wanda ya je hutu gida a 'yan shekarun nan, ko Birnin Kebbi, ko Argungu, ko ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Rima, ya ga yadda farantan sola suka fara hawa rufin ɗakuna. Wasu masu gida da guminsu suka saya, waɗannan ba mu da ta cewa a kansu. Wasu kuwa an ce musu kyauta ce, daga gwamnati, ko daga ɗan majalisa, ko daga wata ƙungiyar agaji ta ƙetare. A kan wannan kyautar za mu yi magana, gama masu iya magana sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa.

Tun da fari bari mu wanke kanmu, kada a ce 'yan makaranta sun zo da ƙin ci gaba. Allah Ya hore mana rana fiye da yawancin ƙasashen da ke ƙera farantan nan. Mun san darajar fitila ga yaron da zai yi bitar karatu bayan sallar lisha, da ungozomar da haihuwa ta samu da tsakar dare. Mun san hayaƙin aci-balbal, mun san tsadar kananzir. Tun ran 29 ga Mayu 2023 da aka janye tallafin man fetur, janareta ta gagari ƙaramin ma'aikaci, balle talakan ƙauye. Abin da muka ƙi shi ne a yi wa iyayenmu romon baka, a kira musu abu da sunan da ba nasa ba, su yi godiya yau su yi kuka gobe.

Aibi na farko yana cikin akwatin da ke kurɗe a lungun ɗaki, watau batir. Shi faranti, in mai kyau ne, yana iya shekara 20 zuwa 25 yana aiki. Amma faranti da rana kaɗai yake ba da wuta, mu kuwa da dare muke bukatarta, saboda haka rayuwar sola duka tana rataye ne a wuyan batir. Batirin dalma, wanda shi ne mai araha, da wuya ya wuce shekara biyu ko uku a ƙasa irin tamu. Masu ƙera shi sun auna ƙarfinsa ne a zafin digiri 25, sun kuma san cewa duk ƙarin kamar digiri 10 a kan haka yana cinye rabin kwanansa. To, wane ne bai san bazarar Birnin Kebbi ba, sa'ad da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, balle a ƙarƙashin rufin kwano? Batirin litiyam ya fi jimiri, amma ya fi tsada, shi ma kuma yana da ranar mutuwarsa. Ran da batir ya mutu, mai kyauta ya daɗe da komawa Abuja, an ɗauki hoto an buga a jarida, an rufe littafin aiki. Sai mai gida ya nufi kasuwa ya tarar kuɗin sabon batir ya bi dala ya haura, domin dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 kafin Yuni 2023 ta zarce naira 1,500 a farkon 2024. Da yawa daga cikinmu mun ga irin waɗannan farantai a gidajenmu, ƙurar hunturu ta rufe su, waya tana reto, an koma tocila. Wanda ya ba ka doki bai gaya maka kuɗin harawa ba, rabin labari ya ba ka.

Aibi na biyu shi ne, wani abin da ake kira kyauta bashi ne aka sa masa babbar riga. A ƙarshen 2020 Gwamnatin Tarayya ta fito da shirin Solar Power Naija, da niyyar kai wuta gidaje miliyan 5, watau mutum miliyan 25, da rancen naira biliyan 140 daga Babban Bankin Nijeriya. Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da shi a Jangefe ta Jihar Jigawa cikin Afrilu 2021. Mu faɗi gaskiya, gwamnati ba ta ɓoye cewa biya za a yi ba: an ambaci kamar naira 4,000 a wata har tsawon shekara uku. A lissafa a gani, naira 144,000 ke nan, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000, watau fiye da kashi ɗaya bisa takwas na albashin masinja kowane wata. Ɓarnar tana faruwa ne a hanya. Kafin magana ta bar Abuja ta ratso ta bakin dillalai da 'yan koren siyasa ta iso zauren mai unguwa, kalmar bashi ta faɗi a hanya, saura kalmar tallafi. Irin waɗannan akwatuna kuwa da makullinsu suke zuwa: in wata ya ƙare ba ka tura kuɗi an ba ka lambar buɗewa ba, wuta ta ɗauke, ko da rana tana tsakiyar ka. Manomin da kuɗi ke shigo masa sau ɗaya ko sau biyu a shekara, bayan an yanke shinkafa, ina zai samo biyan wata-wata a tsakiyar damina?

Mu mutanen Kabi bai kamata a maimaita mana wannan darasi ba. A jiharmu Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin noman shinkafa na Anchor Borrowers ran 17 ga Nuwamba 2015. Manoma da yawa sun karɓi iri da taki da injin ban ruwa bisa zaton rabonsu ne na arzikin ƙasa, sai da aka zo karɓar bashi ido ya raina fata. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Har ma inda mai gida bai biya ko sisi ba, kada a ce ba wanda zai biya. Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, REA, ta gudanar da babban shirinta da dala miliyan 350 da Bankin Duniya ya amince da su a 2018, da dala miliyan 200 na Bankin Raya Afirka. A Disamba 2023 Bankin Duniya ya sake amincewa da dala miliyan 750 domin shirin DARES. Waɗannan kuɗi na Bankin Duniya rance ne, ko da mai sauƙin sharuɗɗa ne, da dala aka karɓa, da dala za a mayar. Wa zai mayar? Mu ne, mu da ke kan bencin makaranta yau, daga harajin da za a yanka a albashinmu. Tun da mu za mu biya, muna da hakkin mu tambayi ingancin abin da aka sayo da sunanmu.

Aibi na uku shi ne ƙanƙantar abin. Faranti mai wat 50, in ya samu awa biyar na cikakkiyar rana, abin da zai tara bai wuce wat-awa 250 ba, kafin a cire abin da zafi da ƙura da batir suka ci. Ƙwan fitila huɗu, cajin waya, ƙaramar fanka, shi ke nan an gama. Dutsen guga mai wat 1,000 cikin minti 15 zai lashe wannan tarin duka. Ba zai ja firjin da masuncin Argungu zai adana kifinsa ba, ba zai juya injin niƙa ko na gyaran shinkafa ba, ba zai yi wa mai walda komai ba. Haske ne na ganin ƙwaryar tuwo, arziki kuwa yana bukatar wutar da za ta juya inji. Abin tsoro shi ne, ran da aka rataya wa ƙauye farantai, sai a rubuta a takarda cewa ya samu lantarki, a tsallake shi in an zo dasa turaku da taransifoma. Mutanen ƙauyen Dharnai a Jihar Bihar ta Indiya sun hango wannan. A 2014 ƙungiyar Greenpeace ta kafa musu tashar sola, aka yi ta yayatawa a duniya, su kuwa suka tari manyan baƙi da koken a jawo musu babban layi. Aka jawo, bayan 'yan shekaru tashar solar ta mutu ba mai gyara.

Mu kam muna da dalilin da ya fi nasu. Sa'ad da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ƙasar Yauri na cikin waɗanda ruwa ya ci gonakinsu da tsibiransu, aka ta da dubban mutane daga mazauninsu na kaka da kakanni. Babban layin Kainji a Birnin Kebbi yake sauka, daga nan wani ya nufi Sakkwato, wani kuma tun 1976 ya ƙetara zuwa Yamai. Da aka yanke wa Nijar wannan wuta a Agusta 2023 bayan juyin mulki, duniya duka ta ga girman abin da ke bi ta kanmu. Ba mu yi wa 'yan'uwanmu na Nijar hassada ba, jini ɗaya muke. Tambayarmu ita ce, yaya mutanen da suka ba da ƙasarsu aka yi madatsa, waya tana shuɗewa ta saman gonakinsu, za a sallame su da ƙwan fitila huɗu a ce su yi godiya?

Aibi na huɗu ya fi sauran muni, domin ya shafi rai. Mataccen batir ina yake zuwa? 'Yan gwangwan ne ke saye, a fasa shi da gatari, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a fili inda yara ke wasa. Dalma guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro, abin da ta ɓata kuwa ba ya dawowa. Makwabtanmu na Zamfara sun ga aikinta a 2010, sa'ad da yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega, ko da yake can daga dutsen zinariya ta fito. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar ta Senegal kuwa, daga fasa tsofaffin batura ne yara 18 suka mutu a tsakanin 2007 da 2008. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta fitar da ƙa'idojin kula da batura a ƙarƙashin hukumar NESREA. Madalla. To, masu rabon sola, wanne ne a cikinku ya gaya wa wanda ya bai wa inda zai mayar da batir in ya mutu? A fadamar da muke noman shinkafa da kamun kifi, abin da aka zubar a tudu, damina ce za ta kai shi gulbi.

Na biyar, wa ke samun kyautar? In rabo ya bi ta hannun ɗan siyasa, jerin sunaye yakan bi katin jam'iyya, gwauruwar da ba ta da kowa tana kallo. Ga kuma 'yan damfara da suka ga kasuwa ta buɗe, suna aiko saƙo ta WhatsApp da Facebook cewa a cika fom na sola kyauta, a turo lambar BVN da kuɗin rajista. Wanda ya tura, sai dai ya ji asusunsa ya yi ƙasa.

Za a ce mana da babu gara ba daɗi. Gaskiya ne, amma wannan magana ta wanda ba shi da hakki ce, mu kuwa 'yan ƙasa ne. Kuma ba yau aka fara nazarin rana a wannan yanki ba. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya shugabanci ofishin makamashin rana na Nijar tun daga 1969. A Jami'ar Usmanu Danfodiyo akwai Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato tun 1982. Ga Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, ga ta tarayya. Abin kunya ne a ce da waɗannan makarantu, ƙaramar na'ura ta lalace a ƙauyen Augie ko Gulma a rasa mai duba ta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. A 2024 Gwamnatin Jihar Kebbi ta raba wa manoma dubban injinan ban ruwa masu aiki da rana. Wannan hanya ta fi, domin abin da ke haifar da kuɗi yana iya biyan gyaran kansa, amma shi ma tambayar tana nan: wa zai gyara, ina kayan gyara?

Saboda haka ga abin da muke nema. Na ɗaya, duk mai rabon sola ya ba da takarda da Hausa, boko da ajami, mai faɗin ko kyauta ce ko bashi, nawa za a biya, har yaushe, da abin da zai faru in an kasa. Na biyu, a bayyana irin batirin da shekarun lamuninsa, da kuɗin sabo. Na uku, kada a raba ko faranti ɗaya a ƙaramar hukuma sai an horar da samarinta gyara, an kuma buɗe shagon kayan gyara. Na huɗu, wanda ya kawo batir shi zai karɓi mataccen. Na biyar, a rubuta cewa karɓar sola bai cire ƙauye daga jerin masu jiran babban layi ba. Na shida, a liƙa sunayen waɗanda suka samu a ƙofar fadar hakimi, kowa ya gani.

Ku yayyenmu ma'aikata, ta teburinku waɗannan takardu ke bi, kada ku sa hannu a kan aikin da ba a ware masa kuɗin gyara ba. Mu kuma ɗalibai, in mun je hutu, mu zauna da iyayenmu mu karanta musu abin da za su dangwala wa yatsa, mu yi musu lissafin shekara uku kafin su ce sun yarda. Da kuɗin geronsu da shinkafarsu suka kai mu makaranta, wannan kuwa shi ne mafi ƙanƙantar abin da za mu saka musu da shi. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah Ya sa masu kunne su ji.