Bashin Dubu Goma Ba Lasisin Tona Asiri Ba Ne

A Gombe yau, tela a Jekadafari ko mai shago a Tudun Wada zai iya karɓar bashin naira dubu goma ta manhajar waya kafin shayinsa ya huce, ba jingina, ba mai tsaya masa. Ranar biya na wucewa, sai saƙo ya faɗa wayar surukinsa da ta limamin unguwarsu, ga hotonsa, an rubuta ɓarawo ne, a guje shi. Wasu har sanarwar mutuwa ake haɗa musu alhali suna raye.

Ku masu waɗannan kamfanoni, abin da kuke yi sunansa cin mutunci. In kuna bin mutum kuɗi, kotu tana nan. Surukin nan bai ci kwabonku ba, bai sa hannu a takardarku ba. Da izinin wa kuka ɗauki lambarsa?

Kuma ba ku da uzurin rashin sani. Sashe na 37 na tsarin mulki ya kare sirrin ɗan ƙasa har da maganganunsa ta waya. A 2019, lokacin da Isa Ali Pantami, ɗan garin nan, yake shugabantar hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, hukumar ta fitar da ƙa'idojin kare bayanan jama'a. A Agustan 2021 ta ci kamfanin Soko Lending tarar naira miliyan 10 kan irin wannan ta'asa. A Maris 2022 hukumar kare haƙƙin masu sayayya ta FCCPC ta kai samame ofisoshin masu bashin intanet a Legas. A 2023 Google ya hana manhajojin bashi leƙa lambobi da hotunan waya, Shugaba Tinubu kuma ya sa hannu a dokar kare bayanai a watan Yuni. Duk da haka wasunku suna kawai suka sauya, suka koma tura manhajar ta WhatsApp, suka ci gaba da halinsu.

Mu ma ba za mu wanke kanmu ba. Manhaja ta nemi shiga lambobin wayarka, ka danna amincewa ko karantawa ba ka yi ba. Lambar ƙanwarka da ta matar maƙwabcinka amana aka ba ka, ka miƙa wa baƙon da ko ofishinsa ba ka sani ba. Mafi muni shi ne wanda saƙon tozarcin ya iso masa, ya yi dariya ya jefa shi zauren unguwa. Malam, ka zama ɗan aiken kamfani, kuma ko sisi ba a biya ka ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, addini kuma ya hore mu da rufa wa juna asiri.

Hukumomi, tarar dala miliyan 220 da aka ci kamfanin Meta a 2024 ta nuna kuna da haƙora. To ku shiga gidajen rediyon Gombe, ku faɗa wa mutane haƙƙinsu da Hausa da Fulatanci.

Kai kuma mai karatu, in ka ci bashi ka biya. In aka tozarta ka, adana saƙonnin ka kai ƙara FCCPC ko hukumar kare bayanai ta NDPC. In na wani ya zo maka, kada ya wuce wayarka.