Kotun gwaji a lise: a koya wa yara sauraron abokin gardama

Ƙasar nan ba ta taɓa rasa masu magana ba. Tun daga ranar 9 ga Fabrairu 1990, da jinin ɗalibai ya zuba a gadar Kennedy ta Yamai, har zuwa taron ƙasa na 1991 da aka shafe fiye da wata uku ana kai ruwa rana, ƴan makaranta na sahun gaba. Masu sauraro ne suka yi ƙaranci. A 1995 shugaba Mahamane Ousmane da faraminista Hama Amadou suna riƙe da kundin tsarin mulki guda, kowa na karanta shi ta fuskar da ta yi masa daɗi, har soja suka raba gardamar a Janairun 1996.

Darasin zama ɗan ƙasa da ake bai wa yara a lakwal ba ya maganin wannan cuta. Malami ya rubuta a allo, yaro ya haddace, ya zuba a takardar jarrabawa, ya manta. Kotun gwaji kuwa daban take. Ana raba aji: wannan alƙali, wannan mai ƙara, wancan lauyan wanda ake tuhuma, ga shaidu. Kowa da mintocinsa, wanda ya katse wani ko ya yi zagi ya rasa maki. Babban amfaninta yana wurin ƙuri'a, domin ita ke zaɓar wa ɗalibi ɓangaren da zai kare, ko da zuciyarsa na tare da ɗayan. Yaron da aka tilasta wa neman hujjar abokin hamayyarsa har ya tsaya gaban jama'a ya kare ta, da wuya gobe ya kira duk mai saɓa masa maci amanar ƙasa.

Abin ba baƙo ba ne a Afirka: jami'ar Pretoria ta daɗe tana shirya irin wannan gasa kan haƙƙin ɗan Adam tsakanin ɗaliban shari'a na nahiyar. Sai dai wanda ya kai jami'a icce ne da ya fara bushewa, kuma yawancin yaranmu ba sa kaiwa can.

Ba sai an aro shari'o'i daga waje ba. Ga ta Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana da shekara 12, kotun CEDEAO ta yanke a 2008 cewa gwamnatin Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta miliyan 10 na sefa. Ga rikicin manomi da makiyayi kan burtali, ga bashin da aka ci a kasuwar Maraɗi babu takarda babu shaida, wanda kowane ɗan kasuwa ya san ɗacinsa.

Wasu iyaye za su ce ana koya wa yara tsaurin ido. Tsoronsu ba na banza ba ne, amma yaron da ke jiran alƙali ya ba shi izini kafin ya buɗe baki ladabi yake koyo. Masu cewa babu kuɗi su ma su duba: teburi ɗaya ne, da benci, da alƙali ko lauya guda da zai sadaukar da yammacin Asabar.

Saura batun harshe. Tunda dokar 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, bai kamata Faransanci ya hana ɗan Tawa ko Damagaram kare hujjarsa ba. A yi zama ɗaya da Hausa, ɗaya da Faransanci, a kuma buɗe ƙofa iyaye su shigo su saurara.