Ɗauri Aka Yanke Masa, Ba Tarin Fuka Ba

Ka zauna a kowace majalisa daga Janfalan zuwa Hunkuyi, ka ce ya kamata gwamnati ta biya diyya ga mutumin da ya shiga gidan yari da lafiyarsa ya fito da ciwo a ƙirji, ka ga yadda za a yi maka caa. Wani zai ce gidan yari ai ba masaukin baƙi ba ne. Wani ya ce wa ya aike shi. Wani kuma ya tambaye ka ko so kake ɓarawo ya yi sata a kuma bi shi da lada. Mai sauƙin cikinsu shi ne dattijon da zai ce ƙaddara ce, wanda ya fito da ransa ya gode wa Allah ya bar wa Allah. Mutanen kirki ne ke faɗin waɗannan maganganu, masu sallah da zumunci, shi ya sa abin yake min ciwo. Kuskure ne, kuma talakan ƙauye ne yake ɗaukar nauyin kuskuren a jikinsa.

A fara da tambayar su wane ne a ciki. A watan Nuwamban 2023 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya faɗa da bakinsa cewa akwai mutum sama da 80,000 a gidajen gyaran hali 253 na ƙasar nan, alhali duka-duka wurin da aka tanada bai kai na mutum 50,000 ba. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗannan mutane 'yan jiran shari'a ne. Babu alƙalin da ya same su da laifi. Idan ka ce "ɓarawo" ka haɗa su duka, to ka yanke wa mutum biyu cikin kowane uku hukuncin da kotu ba ta yanke ba.

Mu da ke wannan yanki mun san hanyar da ake bi a shiga. Rikicin iyakar gona ya kai ga fasa kai. Shanu sun shiga masara an yi dambe. Saurayi ya sayi babur a hannu, ashe na sata ne. Bashin taki ya gagara biya, mai kuɗi ya kai ƙara aka rubuta cin amana. Ko kuma an yi sata a gari 'yan sanda suka yi kamen kan mai uwa da wabi. Idan aka rubuta babban laifi kamar fashi da makami, majistare ba shi da hurumin sauraron shari'ar, sai ya tura mutum wakafi, a ƙaramin gidan yarin Ikara ko na Makarfi, ko a wuce da shi Ƙofar Doka a Zariya, fayil kuma ya tafi Kaduna neman shawarar Ma'aikatar Shari'a. Daga nan sai jira. Damina ta zo ta wuce ba a yi shuka ba. Raken da ya dasa ya isa sara babu mai sara. Matarsa ta sayar da akuya ta biya kuɗin mota, ta sayar da ta biyu ta ba wanda ya ce zai bi mata fayil. Ran da aka sake shi, sau da yawa don mai gabatar da ƙara ya gaza kawo shaida ko guda, sai a ce ya tafi, babu ko kuɗin motar komawa gida. Ya dawo da ƙazuwa da tari, kuma har ya mutu sunansa wanda ya taɓa zaman gidan kaso.

Wannan mutum yana bin gwamnati bashi, kuma ba ni na ƙirƙiro ba. Sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ya hana a riƙe mai jiran shari'a fiye da iyakar ɗaurin da laifin ya tanada, sannan ƙaramin sashe na 6 ya ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da kuma ban haƙuri a bainar jama'a. Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanta ɗan Adam, bai kuma ware fursuna ba. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015 ta ƙayyade wakafi zuwa kwana 14, ba a ƙarawa sai da dalili a gaban alƙali, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2017. Dokokin suna nan a rubuce. Abin da babu shi ne wanda zai ji a aljihunsa idan an karya su.

To shi wanda kotu ta tabbatar ya yi laifin fa? Nan ne mutane suka fi taurin kai, nan ne kuma nake so mu tsaya. Alƙali ya ce shekara biyu. Abin da ya karɓe masa ke nan: 'yancin fita da shiga na shekara biyu. Bai ce a haɗa masa da yunwa ba. Bai ce ya kwana a gefe ɗaya har gari ya waye don babu wurin juyawa ba, ko ya yi bayan gida a bokiti kusa da kan ɗan'uwansa, ko a zuba shi ɗaki ɗaya da mai tarin fuka a watan Afrilu, tagar ɗakin ba ta wuce tafin hannu biyu ba. Duk abin da aka ɗora a kan hukuncin alƙali hukunci ne na biyu wanda babu kotun da ta yanke, babu kuma inda ake ɗaukaka ƙararsa. A watan Disamban 2023 shugaban hukumar gidajen gyaran hali na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ana ciyar da fursuna da naira 750 a rana, karen tsaro kuma da naira 800. A 2024 aka ɗaga kuɗin fursuna zuwa naira 1,125, wato naira 375 kowane ci, kafin ɗan kwangila ya cire ribarsa. Duk matar da ta je awo a kasuwar Makarfi ta san abin da wannan kuɗi zai iya saya. Gabzar da ake ba su ba a banza ta yi suna ba.

Kuma ba yunwa kaɗai ba. A Disamban 2019 wutar lantarki ta kashe fursunoni biyar a cikin ɗakinsu a gidan yarin Ikoyi da ke Legas, gidan da aka gina don mutum 800 aka cusa masa sama da ninki uku. A ƙarshen Maris na 2020, da tsoron korona ya shiga babban gidan yarin Kaduna, wanda gini ne tun na zamanin Turawa, fursunoni sun yi bore, aka rasa rayuka. Ban manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fasa wani gidan mari a Rigasa suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Duk ƙasar nan ta yi Allah wadai, kuma daidai ne. Amma cunkoso da ƙazanta da ciwon da ba magani ba sa zama halal don ginin na gwamnati ne kuma mai gadin yana sanye da kaki.

Masu kafa hujja da addini su ma ina da magana da su. Alƙur'ani a Suratul Insan ya jera kamamme tare da miskini da maraya cikin waɗanda bayin Allah nagari ke ciyarwa. Alƙali Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, a littafinsa Kitabul Kharaj ya shawarci Halifa Haruna Rashid da ya ɗauki nauyin ci da suturar 'yan kurkuku daga baitulmali, tufafin sanyi daban na zafi daban, ya kuma ce a danƙa musu kuɗin a hannunsu duk wata don kada masu gadi su cinye. Shekara sama da 1,200 ke nan. Mu kuma da muke karanta ƙissar Annabi Yusuf, wanda ya yi shekaru a kurkuku a kan ƙazafi, bai kamace mu mu ɗauka cewa duk wanda ƙofa ta rufe a kansa mai laifi ne ba. Yarda da ƙaddara tsakanin bawa da Ubangijinsa ne. Ba ta taɓa sauke wa azzalumi nauyin abin da ya ɓata ba. Wanda shanunsa suka cinye maka gona ma ƙaddara ce, amma gaban Sarki kake kai shi ya biya ɓarna.

Akwai hujja ɗaya da ba na raina ta. A farkon Satumban 2023 'yan bindiga sun shiga Saya-Saya a ƙaramar hukumar Ikara, suka buɗe wuta a masallaci, aka rasa mutum bakwai. Mai tambaya zai ce: marayun da aka bari wa ya biya su, da za ka zo kana nema wa fursuna diyya? Tambaya ce mai nauyi. Amsata ita ce su ma suna bin bashi, kuma wanda suke bi shi ne dai wanda fursunan yake bi. Hana ɗan Janfalan da aka tsare shekara uku a banza haƙƙinsa bai taɓa sa kwabo a hannun gwauruwar Saya-Saya ba. Ƙari a kan haka, kurkukun da ke haɗa yaron da ya saci kaza da gawurtaccen ɗan fashi a tabarma ɗaya, ya sako shi ba sana'a, ba jari, zuciyarsa cike da ƙullaci, shi ne yake noma mana ɓarayin gobe. Wanda yake son zaman lafiya a ƙauyensa ya fi kowa buƙatar a gyara wurin.

Me ya sa na nace a kan kuɗi? Don a halin yanzu wahalar fursuna kyauta ce ga hukuma. Fayil ya kwana shekara a kan tebur, babu wanda albashinsa ya ragu. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu, a sashe na 12 ta wajabta wa kwanturolan jiha ya sanar da Babban Jojin jiha da Antoni Janar idan gida ya cika ya wuce ƙima, ta kuma ba da ikon ƙin karɓar sababbin mutane idan wata uku ya wuce ba a yi komai ba. Dokar ta kawo hidimar al'umma da sulhu a madadin ɗauri. Duk da haka cunkoson bai tafi ba, don wanda ya ƙi bin dokar ba ya asarar komai. Italiya ta taɓa shiga irin wannan hali. A 2013 Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta same ta da laifi a shari'ar Torreggiani saboda cunkoso. A 2014 ta yi doka: duk kwana goma da fursuna ya yi a mummunan yanayi a rage masa kwana ɗaya daga ɗaurinsa, wanda kuma ya riga ya fita a biya shi yuro 8 a kan kowace rana. Masu cewa babu kuɗi su lura da rabin farko na wannan doka, ragin kwana ba ya cin ko sisi, rage wa gwamnati kuɗin ciyarwa ma yake yi.

A nan gida ma kotuna sun sha yanke diyya. A 2012 Kotun ECOWAS ta umarci Nijeriya ta saki Sikiru Alade, wanda aka ajiye a gidan yarin Kirikiri tun 2003 ba tare da shari'a ba, ta kuma biya shi diyya. Matsalar ita ce biyan. A 2016 kotun ta ce a saki Sambo Dasuki a ba shi naira miliyan 15, bai fito ba sai Disamban 2019. A Disamban 2016 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ce a saki Sheikh Ibrahim Zakzaky da matarsa a ba kowannensu naira miliyan 25, ba su fito ba sai Yulin 2021. Ko mene ne ra'ayinka a kan waɗannan mutane, dubi yadda aka yi da umarnin kotu a kan masu manyan lauyoyi, sannan ka auna manomin da bai taɓa ganin lauya ido da ido ba. Akwai ma tsohuwar doka da ta ce ba a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati don biyan hukunci sai da yardar Antoni Janar, wato sai wanda ake bi ya yarda a karɓa.

Abin da hukuma ta fi so shi ne ta yi kyauta. A Nuwamban 2023 an tara naira miliyan 585 aka biya wa fursunoni 4,068 tara aka sake su. Alheri ne, amma yana nuna cewa dubban mutane talauci ne kawai ya riƙe su. A ranar 1 ga Nuwamban 2024 duniya ta ga yaran Kano da Kaduna da aka kama a zanga-zangar watan Agusta suna faɗuwa a kotu a Abuja, ƙasusuwa a waje, bayan kusan wata uku a tsare. Da surutu ya yi yawa aka sake su, gwamnatin Kaduna ta ba nata mutum 39 naira 100,000 da wayar hannu kowanne. Na yi murna da fitowarsu. Sai dai kyauta godiya take nema daga wanda aka zalunta, kuma ba ta ambaton sunan wanda ya hana su abinci. Diyya tana zuwa da amsa laifi, kuma ana iya nemanta ko kyamara ba ta zo ba.

Jihar Kaduna ba za ta ƙara fakewa da Abuja ba. Tun Maris na 2023 gyaran tsarin mulki ya ba jihohi iko a kan gidajen gyaran hali, kuma mafi yawan waɗanda ke ciki dokokin jiha ake tuhumarsu da karyawa, kotunan jiha ne suka tura su, a teburin ma'aikatar jiha fayilolinsu suke kwana. Ina kira ga 'yan majalisar jiha da ke wakiltar Ikara da Makarfi da Kudan su kai ƙuduri zaurensu na Lugard: a yanke adadin kuɗi sananne a kan kowace ranar da mutum ya yi a wakafi bayan wa'adin doka, a cire shi daga kasafin ma'aikatar da ta riƙe fayil, ba daga wani asusun jin ƙai ba. Likita ya duba kowa ranar shiga da ranar fita, a rubuta, a ba shi takardarsa a hannu, don wanda ya kwaso tarin fuka ya sami abin nunawa idan zai bi gwamnatin tarayya, mai gini da ciyarwa, nata kason. Takardar koke ta kasance da Hausa, shafi ɗaya, wadda za a miƙa wa Babban Joji ranar da ya zo zagayen gidajen yari ko a ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda gyaran dokarta na 2010 ya ba ta ikon yanke diyya. Kada a ce sai da lauya, domin mutumin da ake magana a kansa ya riga ya sayar da awakin gidansa.