Mustang a gindin Zuma: wa ke yanka wa motar tsere farashi?

Duk wanda ya taso daga Legas ko Badun zai tafi gida Kano ko Zariya ta hanyar Abuja, ya san wannan tsakanin na Zuba zuwa Madalla, inda Dutsen Zuma ke tsaye kamar yadda yake a jikin takardar Naira 100. A bakin titin nan, har ka shiga Suleja, ba ka rasa wuraren sayar da motoci. Yawanci Corolla ce da Camry da Honda da Golf da Sharon, motocin neman abinci. Amma jefi-jefi sai ka hango wata mai ƙofa biyu, ja ko baƙa, ta kwanta ƙasa kamar kada, an ajiye ta can gaba don ta ja ido. Mustang ce, ko Challenger, ko Camaro. A kan irin waɗannan nake son mu yi magana, domin da yawansu ta hannun 'yan uwanmu na Kudu suke zuwa can. Mu ne ake bugo wa waya a ce “don Allah leƙa mana Berger”, kuma a cikinmu akwai matasan da suka fara zuba jarinsu a irin wannan mota da sunan adana kuɗi kada Naira ta cinye su.

A ganina, kuɗin da aka kashe wajen shigo da mota daban, darajarta a kasuwa daban. A Corolla waɗannan biyun kusan ɗaya ne. A motar tsere kuwa akwai rami a tsakaninsu, kuma tun 2023 ramin faɗi yake ƙarawa.

Mu fara da lissafin dillali, don ba ƙarya yake yi ba. Yawancin motocin nan daga gwanjon Amurka ake sayo su, irin su Copart da IAA, a loda a jirgi, a sauke a Tin Can ko Apapa. Tun 1 ga Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, wato tsohuwar hanyar Kwatano ta zama fasa-ƙwauri. A 2022 Kwastam ta kawo tsarin yanka diyuti ta lambar shasi, wadda ake kira VIN, har masu fiton kaya suka yi yajin aiki a Legas. Sannan a Yunin 2023 Babban Banki ya saki Naira, dalar da take wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka ɗauka motar dala 10,000 ce a gwanjo. A da Naira miliyan 4.6 ke nan, daga baya ta koma miliyan 15, ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa diyuti ba, ba a sa tirelar da za ta hau da ita Arewa ba. Kuma diyutin ma da dala ake lissafa shi. A farkon 2024 Kwastam ta riƙa canza farashin dalar da take aiki da shi sau da dama a cikin wata guda, a watan Afrilu Naira ta ɗan farfaɗo, sannan ta sake zamewa. Saboda haka motoci biyu iri ɗaya, shekara ɗaya, da aka fitar daga tasha mako uku tsakani, kowace da nata kuɗin. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka “abin da na kashe” ba ma'auni ba ne.

To wa ke saye? Corolla idan ka fitar da ita da safe, kafin la'asar mutum goma sun taya: ma'aikaci, mai Bolt, malamin makaranta, mai neman motar iyali. Motar da ke da ƙofa biyu, kujerar baya ko yaro ɗan shekara goma sai ya takure, masu sayenta a duk yankin Abuja da Suleja 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu sun san juna. Matasa ne masu son gayu, da masu wasan mota ranar biki, sai masu ba da haya ga 'yan fim da mawaƙa. Idan wannan 'yar tawagar ba ta so ba, shi ke nan, motar ta zauna. Rana ta ci fenti, taya ta bushe, batir ya mutu, mai fili yana jiran nasa, kuɗinka kuma yana kwance alhali ɗan uwanka mai Corolla ya juya nasa sau uku. Dillali zai ce maka an taya ta kaza, ya ce albarka. Tayin da ba a sallama ba ai ba farashi ba ne. Tambayar da nake yi kullum ita ce: ta ƙarshe irinta da aka sayar aka biya, nawa aka biya, kuma wata nawa ta yi a tsaye?

Ga kuma mai. Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya ce tallafi ya tafi. Litar da ake sha ƙasa da Naira 200 ta haura 1,000 a Abuja kafin ƙarshen 2024. Inji mai silinda takwas ba ya wasa da fetur, kuma masu ƙarfin cikinsu an ƙera su ne don su sha fetur mai daraja ta sama, alhali a gidajen manmu iri ɗaya ne ake zuba wa kowa, da keke Napep da Mustang. Wato a lokacin da kuɗin shigo da motar ya ninka sau uku, a lokacin ne kuma masu iya riƙe ta suka ragu.

Titin ma bai taimaka ba. Hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano tun 2018 ake aikinta, a ƙarshen 2024 gwamnati ta karɓe kwangilar ɓangaren Abuja zuwa Kaduna daga Julius Berger. Hanyar Suleja zuwa Minna kowa ya san labarinta. Motar da cikinta ke kusa da ƙasa, a kwaltar Maitama take sarauniya. Ka shigo da ita cikin Suleja da damina, kowane tudun rage gudu sai kun yi ciniki da shi.

Abin da ya fi cin mutane shi ne sunan motar, don shi kaɗai ba ya gaya maka komai. Mustang akwai mai silinda huɗu ta lita 2.3, akwai V6, akwai GT mai V8 ta lita 5.0. Challenger akwai SXT mai V6 ta lita 3.6, akwai R/T mai 5.7, akwai Scat Pack mai 6.4, akwai Hellcat mai 6.2. Daga nesa duk kamanninsu ɗaya, farashinsu kuwa sama da ƙasa. Tambarin da ke jikin bodi a Ladipo ma sai a saya a manna. Kuma mun san sana'ar canza wa mota fuska, a sa mata fitilu da bamba na sabon yayi, ta 2012 ta fito kamar ta 2018. Lambar shasi ce ba ta ƙarya, in dai ba a taɓa ta ba. Haruffa da lambobi 17 ne, na goma yana nuna shekarar mota, na takwas kuma a motocin Amurka irin waɗannan yana nuna irin injin. Ka duba ta jikin gilashin gaba, ka duba ta bakin ƙofa, ka gwada da ta takardar Kwastam. In ɗaya ta saɓa, kama gabanka.

Da wannan lambar ce kuma za ka ga tarihin motar a Carfax, sau da yawa har hotunanta ranar gwanjo suna nan a intanet. Motar tsere a can ma ba tsofaffi ke tuƙa ta zuwa kasuwa ba. Da yawan waɗanda ke isowa nan kamfanin inshora ne ya yafe su bayan haɗari, wasu kuma ambaliya ce ta shanye su, irin wadda guguwar Ian ta yi a Florida a 2022. Ni motar da ta yi karo aka gyara da kyau ba na ƙin ta, in an faɗa mini kuma an rage kuɗi. Ta ruwa ce ba na so ko da rabin farashi, domin waya da kwamfutar mota a hankali suke ruɓewa, yau gilashi ya ƙi sauka, gobe giya ta ƙi shiga, bakanike a Apo ya yi ta canza kaya ana odarsu da dala.

Sai takarda. A ƙarshen Satumbar 2019 Kwastam ta rufe wuraren sayar da motoci a garuruwa da dama tana neman shaidar diyuti, a 2024 kuma ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu motocin da ba a biya musu daidai ba. Tsakanin Legas da Suleja shingaye nawa ne, kuma wace mota ce ke jan idon jami'i kamar jar Camaro? Akwai wanda ya fi wannan muni. A Satumbar 2024 EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Najeriya. Wanda ya saya da kuɗinsa na halal, in an zo ɗauka, ba shi da wanda zai riƙe sai dillali, in ya same shi.

Akwai wata magana da masu sayarwa ke yi yanzu, cewa Dodge ta daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Chevrolet ma ta tsayar da Camaro, don haka nan gaba tsada za su yi. An daina ɗin gaskiya ne. Amma waɗanda masu tara motoci ke nema a Amurka su ne masu tsabtar takarda, waɗanda ba su yi tafiya ba, kuma manyan cikinsu. V6 ɗin da ta yi haɗari a Texas, aka buga mata bodi a Mushin, ta sha ƙurar Madalla shekara guda, ba ta cikin wannan layin.

In ɗan uwa ya matsa lallai sai ya saya, ga yadda ni nake auna ta. Na nemo abin da irinta ta tashi a gwanjo kwanan nan, da irin raunin da ke jikinta, na lissafa da dalar yau. Dalar ranar da dillali ya shigo da ita ba ruwana da ita. Wannan shi ne iyakar sama. Daga nan na cire kuɗin taya huɗu, na cire gyaran da na'urar bakanike ta nuna, na cire la'adar 'yan tsakiya, waɗanda a irin wannan ciniki sukan kai uku ko huɗu kowa ya ɗora nasa. Sannan na ɗauki waya na kira dillalai biyu da ba su san juna ba, ɗaya a Berger ɗaya a Suleja, na ce ina da irin wannan mota, kuɗi nake so a wannan makon, nawa za su ba ni. Abin da suka faɗa shi nake gaya wa ɗan uwan, ko da ya yi nisa da abin da aka rubuta a gilashin motar.