Sojan haya ya yi kisa: wace kotu ce za ta kira shi?

Da tsakar ranar 16 ga Satumbar 2007, ayarin motoci huɗu masu sulke na kamfanin Blackwater ya shiga shataletalen Nisour da ke birnin Bagadaza, ana tsaka da cunkoson ababen hawa. Mutanen da ke cikin motocin ba sa cikin rundunar sojan Amurka. Ma'aikatan kamfani ne da Ma'aikatar Harkokin Wajen ƙasar ta ba kwangilar gadin jami'an diflomasiyyarta. Cikin 'yan mintuna suka buɗe wuta da manyan bindigogi da gurneti. Ko da ƙura ta lafa, fararen hula 17 sun mutu, kusan 20 sun jikkata. Cikin mamatan akwai wani ɗalibin likitanci da mahaifiyarsa, waɗanda motarsu ta kama da wuta, akwai kuma yaro ɗan shekara 9 da ke zaune a kujerar baya ta motar mahaifinsa.

Kamfanin ya ce hari aka kai wa ayarinsa, kare kai suka yi. Binciken hukumar FBI ta Amurka ya gano cewa aƙalla mutum 14 daga cikin mamatan an kashe su ne ba tare da wata hujja ba.

A ƙasar Iraƙi aka yi kisan, 'yan Iraƙi aka kashe, amma babu alƙalin Iraƙi ko ɗaya da ke da ikon kiran waɗanda suka yi harbin. Tun a watan Yunin 2004, dab da miƙa mulki ga 'yan ƙasa, kantoman da Amurka ta naɗa, Paul Bremer, ya sa hannu a kan wata doka mai lamba 17 wadda ta sanya wa 'yan kwangilar ƙasashen waje rigar kariya daga kotunan Iraƙi. Kotun sojan Amurka ma ba ta zama mafita ba, tunda ba sojoji ba ne. Dole iyalan mamatan suka zuba ido ga kotun farar hula da ke birnin Washington, dubban kilomita daga inda aka zubar da jinin 'yan uwansu.

Abin da ya biyo baya ya isa ya karya zuciyar duk mai neman haƙƙi. A ranar ƙarshe ta shekarar 2009 wani alƙali ya kori ƙarar, saboda masu gabatar da ita sun dogara da bayanan da aka tilasta wa masu gadin bayarwa. A 2011 kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shari'ar. Shaidu da dama suka taso daga Iraƙi, wasu da tabon harsashi a jikinsu, suka tsaya gaban kotu a ƙasar da ba su jin harshenta. Sai a watan Oktoban 2014, shekara bakwai bayan kisan, aka samu mutum huɗu da laifi. An yanke wa Nicholas Slatten ɗaurin rai da rai, sauran ukun kuma, Paul Slough da Evan Liberty da Dustin Heard, shekara 30 kowannensu. A 2017 aka rushe hukuncin Slatten, aka sake shari'a, aka sake ɗaure shi rai da rai a 2019, yayin da aka rage wa sauran zuwa tsakanin shekara 12 da 15.

Ranar 22 ga Disambar 2020, saura wata guda ya sauka daga mulki, Shugaba Donald Trump ya yi wa dukkansu afuwa. Wahalar shekara 13 ta tafi da sa hannun mutum ɗaya.

Shi kuwa kamfanin, bai ji a jikinsa ba kamar yadda ake zato. Wata bakwai bayan kisan, a Afrilun 2008, gwamnatin Amurka ta sabunta masa kwangilarsa. A 2009 ya koma Xe, a 2011 ya koma Academi, daga baya ya narke cikin wani rukunin kamfanoni mai suna Constellis. Runduna ba ta sauya suna don ta guje wa tarihinta, amma kamfani yana iya wanke kansa da takardar rajista.

Ya kamata a lura da ƙasar da wannan ya faru a cikinta. Amurka na da kotuna masu ƙarfi, da jaridun da suka bi diddigin labarin, da majalisar da ta kira mai kamfanin, Erik Prince, ta yi masa tambayoyi makonni biyu bayan kisan. Duk da haka ga inda aka ƙare.

Labarin gidan yarin Abu Ghraib ya ƙara fito da bambancin fili. Bayan hotunan azabtar da fursunoni sun bazu a 2004, kotun soja ta hukunta sojojin Amurka 11. Ma'aikatan kamfanonin da aka ɗauka domin tatsar bayanai da yin tafinta a gidan yarin, babu ko ɗaya da aka gurfanar kan laifi. Wasu 'yan Iraƙi da aka tsare a can sun shigar da ƙarar neman diyya a kan kamfanin CACI a 2008. Sai a watan Nuwambar 2024 wata kotu a jihar Virginia ta ba mutum uku daga cikinsu diyyar dala miliyan 42, kamfanin kuma ya ɗaukaka ƙara. Soja da ɗan kwangila sun yi aiki a gini ɗaya: an ɗaure sojan cikin watanni, ɗan kwangilar kuwa sai da aka shekara 20 kafin kamfaninsa ya ji hukunci.

Gaskiya ce cewa babu rundunar zamani da ke yaƙi ba tare da 'yan kwangila ba. A Iraƙi da Afganistan akwai lokutan da yawansu ya kai na sojojin Amurka ko ya zarce. Mafi yawansu masu dafa abinci ne da direbobin tanka da makanikai da masu gadin ƙofa, da dama daga cikinsu talakawa ne daga Yuganda da Nepal da Filifin, waɗanda idan bam ya tashi da su ba a saka sunayensu cikin jerin sojojin da suka mutu. Babu mai cewa a daina ɗaukar mai gyaran jirgi ko mai kai burodi bariki. Matsalar na farawa ne daga ranar da aka damƙa wa kamfani bindiga, ko mabuɗin ɗakin tsare fursuna, ko ikon zaɓar wanda za a harba daga sama.

Kuma akwai abin da gwamnatoci ba sa faɗa da babbar murya. Ɗan kwangila na da daɗin sha'ani ga mai mulki saboda ba ya bukatar dogon bayani. Ana iya ɗaukarsa ba tare da muhawara a majalisa ba, gawarsa ba ta tayar da hankalin masu zaɓe, in ya yi ɓarna kuma a ce ai ba jami'in gwamnati ba ne. Rashin wanda za a kama da laifi na cikin hajar da ake saye.

Dokokin duniya ba su toshe wannan kafa ba. Ƙarin yarjejeniyar Geneva na 1977 ya jera sharuɗɗa shida da sai sun cika gaba ɗaya kafin a kira mutum sojan haya, abin da kowane lauya zai iya zagayewa da gyaran kalma ɗaya a takardar kwangila. Daftarin Montreux, wanda ƙasar Suwizalan da ƙungiyar agaji ta Red Cross suka jagoranci samarwa a 2008, ya tunatar da ƙasashe cewa ɗaukar kamfani ba ya sauke musu nauyi, sai dai shawara ce kawai, ba ya ɗaure kowa.

A Afirka lamarin ya fi muni, domin a nan sau da yawa ko takardar kwangilar ba a gani. A ƙarshen watan Maris na 2022, an shafe kwana biyar ana kisa a garin Moura da ke tsakiyar Mali. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya fito a Mayun 2023, ya ce sojojin Mali da wasu mayaƙa 'yan ƙasar waje sun kashe aƙalla mutum 500, akasarinsu ba sa ɗauke da makami. Shaidu sun yi maganar fararen fata masu magana da baƙon harshe, ƙasashen Yamma da ƙungiyoyin kare haƙƙi suka ce 'yan Wagner ne. Gwamnatin Mali ta yi fatali da rahoton, ta ce 'yan ta'adda 203 ta kashe, Rashawan da ke ƙasar kuma masu ba da horo ne. Rasha ta shafe shekaru tana nesanta kanta da Wagner, har sai a watan Yunin 2023, bayan tawayen Yevgeny Prigozhin, Shugaba Vladimir Putin ya fito ya ce daga baitulmalin gwamnati ake biyan mayaƙan. Matar da aka kashe wa miji a Bagadaza ta san sunan kamfanin da adireshin kotun. Ta Moura ba ta da ko ɗaya.

Najeriya ma ta taɓa ɗanɗana wannan hanya. A farkon 2015, lokacin da aka ɗage zaɓe daga Fabrairu zuwa Maris, kamfanin STTEP na tsohon hafsan sojan Afirka ta Kudu, Eeben Barlow, ya yi aikin kimanin wata uku a Arewa maso Gabas. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta ce masu horarwa ne da ƙwararrun sarrafa kayan yaƙi, rahotannin jaridu suka ce har fagen daga suna shiga. A tsakanin ne, tare da gudummawar sojojin Chadi da Nijar, aka ƙwato garuruwa irin su Bama da Gwoza daga hannun Boko Haram. Shi ya sa bayan kisan manoman shinkafa aƙalla 43 a Zabarmari cikin Nuwambar 2020, Gwamna Babagana Zulum ya nemi Gwamnatin Tarayya ta sake ɗauko sojojin haya. Kiran nasa ya zo ne ƙasa da wata guda kafin afuwar da aka yi wa mutanen Blackwater.

Ba a ganin laifin gwamnan da ya binne talakawansa 43 rana ɗaya idan ya nemi taimako ko daga ina ne. Irin wannan kira kuma zai ci gaba da dawowa duk lokacin da 'yan bindiga suka tashi wani ƙauye a Zamfara ko Katsina. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin wani baƙo ya sauka da bindiga a Maiduguri ko Gusau, wajibi ne yarjejeniyar ta bi ta gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, a san kuɗin, a san wa'adin, a san kwamandan sojan Najeriya da zai amsa tambaya kan kowane harsashi da aka harba. Kada a sa hannu a kan rigar kariya irin ta Bremer, komai matsin da kamfani zai yi: wanda ya kashe ɗan Najeriya a ƙasar Najeriya, kotun Najeriya ce za ta saurari shari'arsa, kuma ba zai hau jirgi ba sai an kammala bincike. A tilasta wa kamfanin ajiye kuɗin diyya a banki tun kafin ya fara aiki, yadda sauya suna ba zai raba shi da bashinsa ba. Tsare fursuna da tatsar bayanai kuwa, kada a ba da su kwangila ko kaɗan.

Kamfanin da ya ce ba zai yi aiki a kan waɗannan sharuɗɗa ba, Majalisa ta kira shi ya faɗa wa 'yan Najeriya a bainar jama'a wanne ne daga cikinsu ya tsole masa ido.